Tsofaffin fina-finan bincike: me za ka yarda da shi a cikinsu, me za ka ajiye?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na fara kallon tsofaffin fina-finan binciken kisa, irin baƙi da farin nan na shekarun 1940 da 1950. Ina jin daɗinsu, amma abubuwa suna ɗaure mini kai. Ɗan sanda ya kwaɗa wa wanda ake zargi mari ba abin da ya biyo baya, kowa da sigari a baki, mugu kuma ba ya taɓa sha. Haka rayuwar take a lokacin, ko shirin fim ne kawai? Kuma ta ina ya kamata in fara?"

Malam, wani sashe gaskiya ne tsagwaronta, wani sashe kuma doka da kasuwa ne suka tilasta shi, kuma duk gwanintar kallon waɗannan fina-finai ita ce ka iya raba su. Ka ɗauki fim ɗin kamar mai ba da shaida da aka kitsa wa abin da zai faɗa tun kafin ya shigo gaban alƙali. Jawabinsa ba abin dogaro ba ne, amma ƙurar da ke ƙafarsa za ta nuna maka inda ya fito. Wayar tarho da ke bango, kuɗin da aka miƙa wa direban tasi, titin da motar ta bi, yadda 'yan sanda ke tattara hujja, waɗannan galibi haka suke, domin ba wanda ya ga dalilin canza su. Ƙarshen labari kuwa, da wanda aka ɗora wa laifin, da irin mutanen da aka bari su bayyana a garin, duk sun bi ta hannun masu tacewa da masu kuɗi.

Kafin ka kunna kowane fim, nemi shekaru uku: shekarar da aka rubuta labarin, shekarar da aka ɗauki fim ɗin, da shekarar da aka sake shi. Sau da yawa ba sa haɗuwa. The Big Sleep, fim ɗin Amurka, misali ne mai kyau. Littafin Raymond Chandler ya fito a 1939, an ɗauki fim ɗin daga ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, amma bai fito kasuwa ba sai 1946, bayan an sake ɗaukar wasu wurare don a ƙara fito da jarumar fim ɗin, Lauren Bacall. Labarin ba na yaƙi ba ne, amma dubi gilashin gaban motar jarumin, Humphrey Bogart, za ka ga takarda mai harafin B a manne. Shaidar rabon fetur ce. Mai harafin A yana samun galan 3 zuwa 4 a mako, mai B kuma kusan galan 8, saboda aikinsa na buƙatar mota. Direbar tasin da ta ɗauke shi mace ce, domin maza suna fagen daga. Irin wannan shi ne abin da fim ke faɗa maka ba da niyya ba, kuma ya fi duk wani jawabin jarumi gaskiya.

Haka fina-finan Sherlock Holmes, ɗan binciken nan na labaran Ingila, da ɗan wasa Basil Rathbone ya fito a matsayinsa, guda 14 tsakanin 1939 da 1946. Biyun farko ne kawai suka bar shi a zamanin Sarauniya Biktoriya. Sauran 12 da kamfanin Universal ya yi sun ɗauko shi zuwa shekarun 1940, har a ukun farkonsu yana farautar 'yan leƙen asirin Nazi. A Kalifoniya aka ɗauke su, hazon Landan ɗin ma na inji ne. Wanda ya kalle su don ya san Ingila ta ƙarni na 19 ya yi ɓatan kai. Abin da suke nunawa shi ne zuciyar Amurka a 1942.

Batun mugu ba ya taɓa sha kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Manyan kamfanonin Holiwud sun amince da wani kundin ƙa'idojin tacewa a 1930, aka fara aiki da shi gadan-gadan a watan Yuli 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, kuma bai faɗi gaba ɗaya ba sai 1968. Ba hukumar gwamnati ba ce irin hukumar tace fina-finai ta Kano. Kamfanonin ne suka kafa ta da kansu don su tsira daga hukumomin jihohi da ƙauracewar 'yan cocin Katolika. Amma da yake su ne kuma masu manyan gidajen sinima a lokacin, fim ɗin da bai sami hatimi ba kusan ba shi da wurin nunawa. Kundin ya hana a karkatar da tausayin mai kallo zuwa ga mai laifi, ya hana a nuna dabarar aikata laifi dalla-dalla yadda wani zai kwaikwaya, ya hana fataucin ƙwaya, ya hana soyayya tsakanin baƙi da farare, ya hana duk abin da ya shafi luwaɗi. Tun labari yana takarda ake kai shi ofishin Breen a gyara.

Sakamakon wannan shi ne abin da ke rikita sabon mai kallo. A The Big Sleep akwai wani mai kantin littattafai da ake ta kewaye-kewaye a kan sana'arsa. A littafin a fili take: hayar littattafan batsa yake bayarwa, yana kuma ɗaukar hotunan tsiraici yana tatsar kuɗi da su. Fim ɗin ba shi da ikon faɗa, sai ya bar ka da yarinya cikin rigar siliki a kan kujera da kyamara a ɓoye cikin wani gunki. In ka ji labarin ya tsinke maka, ba kai ne ba ka fahimta ba, an cire ƙashin bayansa ne. (Akwai ma mutuwar wani direba da masu shirya fim ɗin suka tambayi Chandler wa ya kashe shi, ya ce shi ma bai sani ba.) A The Blue Dahlia na 1946, Chandler ya tsara cewa tsohon sojan ruwa da ya sami rauni a ka shi ne mai kisan, rundunar sojan ruwa ta ƙi amincewa, aka ɗora wa wani daban. A Crossfire na 1947, wanda aka kashe a littafin ɗan luwaɗi ne, a fim aka mayar da shi Bayahude. Don haka idan ƙarshen fim ya zo maka bagatatan, kamar an liƙa shi daga baya, to yawanci an liƙa shi ɗin ne. A ganina minti biyar na ƙarshe su ne mafi ƙarancin daraja a yawancin waɗannan fina-finai, in dai tarihi kake nema.

In kana son ka gane girman canjin da idonka, kalli The Maltese Falcon na 1931 sannan ka bi shi da na 1941. Littafi ɗaya ne na Dashiell Hammett. Na farkon ya fito kafin kundin ƙa'idojin ya yi ƙarfi, abin da ke tsakanin jarumin da matan labarin a bayyane yake, har da kamfanin ya nemi sake fito da shi a 1936 aka hana. Na biyun, wanda John Huston ya ba da umarni, sai ya koma magana da ishara: katin suna mai ƙanshin fure, kallo, da kyamarar da ke juyawa zuwa taga a lokacin da ya dace. Masu kallon wancan zamani sun iya karanta waɗannan alamu sarai.

Yanzu marin ɗan sanda. Wannan gaskiya ne, kuma fim ma rage shi ya yi. Wani kwamitin gwamnatin Amurka da aka fi sani da kwamitin Wickersham ya fitar da rahoto a 1931 cewa duka, da hana barci, da tsare mutum ba tare da ya ga kowa ba don ya amsa laifi, sun zama ruwan dare a ofisoshin 'yan sanda. A 1936 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa wasu baƙaƙen manoma uku a Misisipi domin da bulala aka sa su amsa laifi. Haramta amfani da hujjar da aka samo ta hanyar kutse ba takardar izini bai hau kan kotunan jihohi duka ba sai 1961. Wajabta ba talaka lauya a manyan laifuka ya zo a 1963. Gargaɗin nan da kake ji a fina-finan yau, cewa kana da 'yancin yin shiru, hukuncin 1966 ne ya haife shi. Saboda haka ɗakin tambaya mai fitila ɗaya a fuskar mutum, ba lauya, ba agogo, ba ƙirƙira ba ne. Wanda ƙirƙira ne shi ne bugun ƙeya: a doke jarumi da gindin bindiga ya suma, ya farka bayan awa guda ya shafa kai ya ci gaba da aiki. Sumar da ta kai wannan tsawon rauni ne a ƙwaƙwalwa, ba ya barin mutum ya tuƙa mota a daren. Marubuta ne suka mayar da ita hanyar tsallakawa daga wannan fitowa zuwa waccan.

Abin da ya fi cancanta ka zuba wa ido shi ne kayan aikin bincike, domin iyakarsu ita ke gina labarin. Ba gwajin ƙwayar halitta, wanda sai tsakiyar shekarun 1980 aka fara amfani da shi a shari'a. Jini yana nuna rukuni ne kawai, A ko B ko AB ko O, kuma kusan rabin jama'a O ne, don haka yana iya wanke mutum amma ba ya iya nuna shi. Zanen yatsa akwai shi, hukumar FBI ta fara tara katunan tun 1924, amma an jera su ne bisa lissafin yatsu goma gaba ɗaya, kuma da hannu ake nema. In an ɗauko zanen yatsa ɗaya daga jikin kofi, ba yadda za a bi miliyoyin kati a nemo mai shi. Dole sai an sami wanda ake zargi tukuna a gwada. Shi ya sa za ka ga ɗan bincike yana dabarar miƙa wa mutum hoto ko akwatin sigari ya riƙe. Gwajin harsashi kuwa ya riga ya yi ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1920: ana sa harsasai biyu a madubin ƙara girma mai ido biyu a gwada zanen da bututun bindiga ya bari. Akwai kuma gwajin kakin da ake zubawa a hannu don a ga ko mutum ya harba bindiga, wanda daga baya aka daina dogaro da shi, saboda takin zamani da taba ma suna ba da sakamako iri ɗaya.

Sai waya. Lambar gaggawa ta 911 ba ta fara ba sai 1968. Mutum yakan ɗaga waya ya ce wa ma'aikaciyar haɗa layi ta ba shi 'yan sanda. Kiran wayar titi santi 5 ne a shekarun 1940, kuma a kantin magani ko mashaya ake samunta. Gano inda kira ya fito yana cin mintuna, domin sai ma'aikaci ya bi injinan haɗa layi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake yi wa mai amsawa alama ya ja hirar. Rabin tashin hankalin waɗannan labarai ya dogara ne a kan cewa wanda ya bar ofis ya ɓace har sai ya sami waya.

Fina-finai biyu na 1948 sun fi kowa nuna wannan aikin. The Naked City an ɗauke shi a titunan Niyok na gaske, a wurare sama da 100, wani lokaci da kyamara a ɓoye cikin mota don kada jama'a su taru. Binciken tafiyar ƙafa ne zalla: matashin ɗan sanda yana bi kantin gwal zuwa kantin gwal da zobe a hannu, sannan gidan motsa jiki zuwa wani yana cigiyar ɗan kokawa mai busa harmonika. Yaran da ke wasa a ruwan famfon titi da matan da ke ciniki a bakin hanya mutanen unguwar ne. He Walked by Night kuma ya samo tushe daga wata shari'a ta gaske a Los Anjeles, ta tsohon soja masanin rediyo da ke sauraron saƙonnin 'yan sanda. A cikinsa za ka ga an tara waɗanda aka yi wa fashi a ɗaki, ana haska musu siffofin ido da hanci da baki ɗaya bayan ɗaya har fuska ta haɗu. Jack Webb, wanda ya fito a matsayin ma'aikacin ɗakin gwaji, daga nan ya samo shirin 'yan sanda mai suna Dragnet da ya fara a rediyo a 1949. Sai dai ka san cewa irin waɗannan da haɗin gwiwar rundunar 'yan sanda ake yin su, don haka kayan aikin gaskiya ne, tsabtar halin jami'an kuma talla ce.

Ɗan bincike mai zaman kansa shi ne aka fi yi wa kwalliya. Marlowe, jarumin The Big Sleep, yana karɓar dala 25 a rana ban da kuɗin zirga-zirga. Don ka auna, mafi ƙarancin albashi na tarayya a 1945 santi 40 ne a awa, wato dala 3 da santi 20 a yinin awa 8. Talaka ba ya ɗaukar irinsa, shi ya sa labarin sau da yawa yake farawa a gidan attajiri. A zahiri kuwa masu wannan sana'a ba binciken kisa suke yi ba. Bin bashi, zambar inshora, leƙen asirin ƙungiyoyin ma'aikata, da uwa-uba shari'ar saki, su ne abincinsu. A yawancin jihohi kotu ba ta raba aure sai an kawo laifin ɗaya daga cikin ma'auratan, a jihar Niyok ma har 1966 zina ce kaɗai dalili, don haka sai a ɗauki mai kyamara ya bi miji ko mata har ɗakin otal. Idan ka ji jarumi ya ce shi ba ya aikin saki, yana gaya maka ne ya fi ƙarfin abin da abokan sana'arsa ke ci da shi. Idan kuma ka ji an ce mace ta tafi Reno, to jihar Nebada ce, inda tun 1931 zaman mako 6 ya isa a raba aure. Wannan ƙuncin doka, haɗe da kuɗin inshorar rai, shi ne ƙasan labarai da yawa na matar da ke son a kashe mata miji, irin Double Indemnity na 1944. Hammett ya san sana'ar daga ciki, domin ya yi wa Pinkerton, kamfanin 'yan bincike masu zaman kansu, aiki kafin ya fara rubutu, kuma hakan yana fitowa a yadda mutanensa ke magana a kan kuɗi.

Sigari gaskiya ne: ko a 1965, shekara guda bayan rahoton babban likitan gwamnati kan alaƙar sigari da cutar daji, kusan kashi 42 cikin 100 na manyan Amurka suna sha. Masu ɗaukar hoto kuma suna son hayaƙin don yana fito da haske. Duhun da ya cika hotunan, wanda ya sa masu sharhi na Faransa suka kira su film noir, wato baƙin fim, a 1946, ba yadda garuruwan suke ba ne. Wani ɓangare salo ne da daraktoci irin su Fritz Lang, Billy Wilder da Robert Siodmak suka taho da shi daga Jamus bayan hawan Hitler. Wani ɓangare kuma rashin kuɗi ne: a 1942 gwamnati ta ƙayyade sababbin kayan gina dandalin fim ɗaya a kan dala 5,000, inuwa kuwa tana rufe bangon da ba a gama ba.

Babban gurbin da za ka lura da shi shi ne baƙar fata. A daidai shekarun da dubun dubatar baƙaƙe ke ƙaura daga kudu zuwa Los Anjeles da Shikago don aikin masana'antun yaƙi, a fim ba ka ganinsu sai a matsayin mai aikin gida, mai ɗaukar kaya a jirgin ƙasa, ko mai kiɗa. Littafin da aka yi Murder, My Sweet da shi a 1944 ya fara ne a mashayar baƙaƙe, inda aka kashe baƙin mutum 'yan sanda suka yi ko oho, fim ɗin kuma ya mayar da mashayar ta farare. Charlie Chan, ɗan sandan Honolulu ɗan asalin Sin, Warner Oland ɗan Suwidin ne ya fi shahara da fitowa a matsayinsa, bayansa ma Turawa suka gaje shi, a fina-finan baya kuma an haɗa shi da baƙin direba da aikinsa shi ne tsoro da zare ido. Kada ka tsallake waɗannan wurare, kuma kada ka yi musu uzuri. Su ma shaida ne, sai dai a kan masu yin fim ɗin suke ba da ita. In kana son fim ɗin bincike da ya tunkari batun kai tsaye, nemi Sapphire na Ingila, 1959, shekara guda bayan rikicin launin fata na unguwar Notting Hill a Landan. An tsinci gawar ɗaliba, binciken ya juya da aka gane ruwa biyu ce tana rayuwa a matsayin Baturiya, kuma za ka ji masu gidajen haya suna faɗin ra'ayinsu ba kunya. Ɗan wasan Najeriya Orlando Martins yana ciki a matsayin mai sayar da abin sha.

Siyasa ma tana canza launin labaran. Bayan zaman majalisa na 1947 kan zargin kwaminisanci a Holiwud, an ɗaure daraktan Crossfire da furodusansa, daraktan The Naked City ya koma Turai da aiki, Hammett kansa ya shiga kurkuku a 1951. Bayan an nuna binciken Sanata Kefauver kan gungun masu laifi a talabijin a 1951, sai ga The Big Heat a 1953 da manyan 'yan sanda a aljihun ɗan daba. A Kiss Me Deadly na 1955, abin da kowa ke kashe kowa a kai ya tashi daga kuɗi ya koma sinadarin nukiliya.

Kada ka tsaya a Amurka, domin shaida mafi ƙarfi a wajenta take. Stray Dog na Akira Kurosawa, 1949, labarin sabon ɗan sanda ne da aka zare wa bindiga a motar haya a Tokiyo, da harsashi 7 a ciki, yana ƙirga su ɗaya-ɗaya yayin da ake aikata laifi da su. Masu ba da hayar bindiga katin rabon shinkafa suke karɓa jingina, domin a lokacin ya fi kuɗi daraja. Doguwar fitowar da yake yawo a kasuwar bayan fage cikin tsohon kakin soja, a kasuwar gaske aka ɗauki da yawa daga cikinta. Shi da mai laifin duk tsofaffin sojoji ne da aka sace wa jaka a hanyar dawowa gida, kuma a nan nauyin fim ɗin yake. The Third Man, shi ma 1949, an ɗauke shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, lokacin da Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba shi. Tarin ɓaraguzan na bama-bamai ne na gaske, laifin kuma sayar da allurar fenisilin da aka tsinka da ruwa ne, abin da ke da ma'ana a lokacin da maganin yake sabo kuma yake wuya. Ga mai kallon da ya tashi da fina-finan Indiya, C.I.D. na 1956 da Dev Anand shi ne ƙofa mafi sauƙi: an kashe editan jarida a Bombai, ga inuwa da hular Turawa irin na Holiwud, ga kuma waƙoƙi a tsakani.

Sai yadda za ka kalla, domin saitin allo yana kashe waɗannan fina-finai fiye da komai. Kusan duk wanda aka yi kafin 1953 hotonsa ya kusa murabba'i, 4:3. A talabijin na yanzu dole ka ga baƙin fili a dama da hagu. In babu, an lalata shi ta ɗayan hanya biyu: ko an ja shi gefe, fuskoki sun ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, ko an zuƙo shi, an yanke kwata na tsayinsa, hula da hannun da ke riƙe da bindiga sun fita. Shiga saitin hoto ka zaɓi 4:3 ko girman asali. Kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus, domin fim hoto 24 ne a daƙiƙa, injin kuma yana ƙirƙiro wasu a tsakani har ya koma kamar wasan kwaikwayon talabijin. Kashe rage hayaniyar hoto, yana goge ƙwayoyin fim tare da zanen fuska. Rage kaifi zuwa ƙasa. Hasken kuma ka daidaita shi da baƙar kwat: in kana ganin ninkin wuyanta a wuri mai duhu, ya yi. In ta zama dunƙulen baƙi, ƙara kaɗan. In baƙin ya koma toka, rage. Ka kashe fitilar ɗaki, don an yi su ne domin duhun sinima.

Kwafi ma yana da nasa matsaloli. Guji waɗanda aka yi wa kala, ko na shekarun 1980 da Huston ya yi yaƙi da su, ko na kwamfuta da suka cika YouTube yanzu, domin an tsara hasken ne don baƙi da fari. Wasu fina-finan haƙƙin mallakarsu ya faɗi, irin su He Walked by Night, Detour, da huɗu daga cikin na Rathbone, don haka kyauta ne a intanet, amma kwafi goma za ka gani, takwas sun dushe. Duba minti biyu na wurin dare kafin ka sauke. Ƙaramin fayil ya fi cutar da wuri mai duhu, inda inuwa ke farfashewa gida-gida, saboda haka kada ka yi ƙasa da 480p, wanda kan ci MB 400 zuwa 700 a fim na minti 100. Muryar ta lasifika ɗaya ce, in ka ji ta kamar a cikin rijiya to kashe saitin sauti mai kewaye ɗaki. Turancinsu da sauri yake kuma cike da karin maganar titi da ta mutu, rubutun da inji ke yi da kansa ba ya kama shi, nemi wanda mutum ya rubuta. In rubutun ya riga magana ko ya makara da tazara ɗaya, maɓallan G da H a manhajar kallo ta VLC suna gyarawa. In kuwa tazarar tana ƙaruwa, har ta kai kusan minti biyu da rabi bayan awa guda, to ɗayan an yi shi ne a kan kwafin Turai mai hoto 25 a daƙiƙa, sai dai ka sauya fayil.

A jeri, fara da The Maltese Falcon na 1941 don labarinsa a miƙe yake kuma kusan duk a ɗaki ne, sai The Naked City don ka fita titi, sai Stray Dog da The Third Man kusa da juna don ka ga shekara ɗaya a ƙasashe biyu da yaƙi ya ragargaza. Bar The Big Sleep sai ka saba da ishara. Ka kuma duba tsawon kwafin kafin ka fara: The Third Man na Ingila minti 104 ne, muryar darakta Carol Reed ce ke buɗe shi, na Amurka kuma an yanke masa minti 11 don a gyara halin jarumin, muryar jarumin, Joseph Cotten, ce a farkonsa. Na minti 104 za ka nema.